Shekarar da Langar Inna Ta Fita

Maryamu da Yusufu, wannan babin naku ne da 'ya'yanku. Ban yi makaranta ba, kun sani. Ina faɗa ne, Rahila matar Yusufu tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Bara muna cin shinkafa a tsakar gidan nan na ji Yusufu yana gaya wa yaransa wai kakarsu ba ta san tsoro ba, wai ni na buɗe wa Kirsimeti ƙofa a Riyad da ƙarfin zuciyata. Na yi shiru don akwai baƙi. Yanzu babu baƙi. Yusufu, shekararka uku a lokacin, majina ce kawai aikinka. Ba haka aka yi ba.

Sai na fara da Inna, uwata, don langar tata ce. Mu Hausawa ne, Kiristoci tun kakanmu. A gidan Inna ranar Kirsimeti tana da dokokinta, kuma ba a tsallake su. Akuyar, Malam Audu na bayan gidanmu ake kira ya yanka, don kowa a unguwa ya ci ba sai ya yi tambaya ba. Ba mai kai loma baki, ko da Baba ne, sai kwanon maƙwabta na ƙarshe ya fita. Yara ke kaiwa, ba manya ba. Inna ta ɗaure kwano da ƙyalle ta yi masa ƙulli a sama, yadda ko ɗan shekara uku zai zura hannu ya ɗauka. Abin da ya dawo a cikin kwanon kuwa na yaron da ya kai ne. Gyaɗa ce, alewa ce, ƙwai ne, babba bai isa ya taɓa ba. Wannan ce ta sa muke kwana da zumuɗi, ba sabuwar riga ba. Wata shekara na dawo da ɗan tsako mai rai a cikin langa, yana ta tsiwa a ƙarƙashin murfi. Baba ya ce a haɗa shi da kajin gida. Inna ko juyowa ba ta yi ba.

"Kazar Laraba ce. Kai ka kai kwanon?"

Kazar nan ta yi shekara biyar tana yawo a gidan, ba wanda ya isa ya kalle ta da wuƙa. Tsufa ne ya kashe ta.

Na yi aure na koma birni da babanku Dauda. Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo wurina da dokokinta da langarta, fara mai jan fure da murfi. Shekara uku tana aika shinkafa gida-gida a layinmu, yaran maƙwabta take ara su kai tunda nawa ba su zo ba tukuna. Sai rikici ya tashi. Na faɗi wannan a babin baya, ba zan sake ba. An ƙone gidan. Inna ba ta fita ba. Ni na fita da Maryamu a goye, wata maƙwabciyarmu Musulma, Maman Sadiya, ta tura ni ƙarƙashin gadonta kwana biyu. Saurayin da ya nuna gidanmu na san shi. Na sha ganinsa yana suɗe hannu a kan shinkafar Inna. Da aka samu lafawa na koma na tona toka. Langar kaɗai na samu, gefe guda ya yi baƙi, murfin ya lotsa. A wurin na yi alkawari da kaina: kwano ba zai ƙara fita daga hannuna ya nuna wa kowa ƙofata ba.

Babanku ya samu aikin tuƙi a wani ofishin jakadanci a Riyad. Bayan shekara biyu mai gidansa ya tsaya aka yi mana takardu, muka bi shi. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Utaiƙa, kusa da kasuwar kayan miya, cikin wani tsohon gida da aka yanyanka, ƙofa huɗu a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Kowa a gidan Hausa yake yi. Ƙofar farko ta Hajiya Indo ce, tsohuwa 'yar Maraɗi mai sayar da fura da dakakken yaji, carbi a hannu, baki kamar reza. Ta biyu ta Baraka ce, 'yar Damagaram, sa'ata, mijinta mai gadi ne. Ta ƙarshe ta wasu gwauraye uku ce masu dako a kasuwa, babbansu Malam Habu. Ba wanda ya tambaye ni addinina. Bahaushiya ce, sunanta Laraba, mijinta Dauda, 'yarta Maryamu, me za a tambaya? Ni kuma ban faɗa ba. Hukuma ta sani, a rubuce yake a jikin iƙamarmu, wato katin zaman ƙasa. Ba hukuma nake ɓoye wa ba. Mutanen da muke ɗiban ruwa a famfo ɗaya nake ɓoye wa.

Ɓuya aiki ne, ya fi surfe wuya. In an kira salla in shige ɗaki in ja ƙofa, in zauna in ba shi lokaci, in fito. Da azumi ba na ɗora tukunya da rana, sai in ci busasshen burodi a bayan labule kamar ɓera. Littafi Mai Tsarki na babanku cikin buhun shinkafa yake kwana. Da aka haifi Yusufu muka ce dangi sun raɗa suna a gida. Abin da ya fi wuya Umra ce. Duk shekara Baraka ta ce mu bi motar mata mu tafi Makka, duk shekara in ce ƙafata. Har ɗingishi na koya. Baraka ta sayo man zafi, ta zaunar da ni a bakin ƙofarta, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana murzawa, ƙafar da lafiyarta ƙalau. Ita ce ta riƙe ni ranar da naƙudar Yusufu ta zo babanku yana wurin aiki. Ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in, ta dama mini kunun kanwa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Kirsimeti kuwa a rufe ake yinta. A lokacin ba ka ganin alamarta a kanti ko a titi, ranar aiki ce kamar kowace, babanku kaɗai ake ba hutu a gidan. In sayo yadi a kasuwar Dira in kai wa tela in ce na biki ne. Ranar in rufe taga, in dafa shinkafa da kaza, ku sa sababbin kaya, a yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, a ci, a cire kayan a ninke kafin wani ya yi sallama. Awa ɗaya ke nan, ko biyu in an yi sa'a. Ni a ganina dabara na yi. Na ba ku Kirsimeti, na kuma tsare ku.

A shekara ta huɗu, saura kwana uku Kirsimeti, na karɓo ɗinki. Rigar Maryamu ruwan goro ce mai tattara a ƙugu, Yusufu kuma 'yar shadda shuɗiya da hula. Na sa muku don in ga ko sun yi. Yusufu ya ga kansa a madubi, ya ƙwala ihu, ya nufi ƙofa zai je ya nuna wa Hajiya Indo. Kafin in motsa Maryamu ta cafko shi ta toshe masa baki da tafin hannu. Shekararta shida, Larabcinta ya fi Hausarta.

"Uskut! Aib!"

Wato yi shiru, abin kunya ne. Ta jawo shi, ta yi ɗage ta mayar da sakata, ta juyo tana jiran yabo.

"Mama, na hana shi. Ba wanda ya gani."

"Kin kyauta," na ce.

Haka na ce. Allah ya gafarta mini. Ta tsaya tana shafa tattarar rigar. Yarinyar nan ta saba ganin yadda layinmu ke yi in motar jawazat, masu duba takardu, ta shigo: marasa takarda su shige ɗaki, a rufe taga, a hana yara ko tari. Ta kuma ga Sallah, yara a titi cikin sababbin kaya, ana ba su alewa, Hajiya Indo ta aiko mana nama. Ta haɗa biyun a kanta ita kaɗai, sannan ta ɗago.

"Mama, Kirsimeti ba ta da iƙama ne?"

An ƙone mini gida da uwata a ciki, ban yi kuka ba sai bayan wata biyu. Wannan tambayar ta zaunar da ni a kan buhun shinkafa. Na gudo da 'yata daga wuta, na kawo ta wata ƙasa, na koya mata cewa ranar da muka fi so abin kunya ce. Ba wani ya koya mata ba. Ni ce.

Da yamma babanku ya dawo, na ajiye masa abinci na gaya masa. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya ga fuskata ya daina.

"Tana da iƙama mana, Laraba. Ke ce dai kafil ɗinta, kin ƙwace mata fasfo kin kulle ta a ɗaki."

Kafil shi ne ubangidan da takardun ma'aikaci ke hannunsa. Kun san irinsu.

"Wasa kake yi."

"Rabi wasa."

"Ka manta wanda ya nuna gidanmu? Shinkafar Inna ce a cikinsa."

"Ban manta ba. Maman Sadiya fa, da ta sa ki ƙarƙashin gado, tuwon ƙasa ta ci? Shinkafar nan ce dai. Shekara shida kina ƙirga mutum ɗaya, kin bar ɗaya."

"In suka juya mana baya fa? In suka kai mu gaba?"

"Sai mu nemi wani ɗaki. Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba. Ke kika tona tokar, ba ni ba."

Babanku haka yake. Ba ya tura mutum, sai dai ya ajiye masa magana a hanya ya yi tuntuɓe da ita. Kwana biyu ina tuntuɓe. Ana gobe Kirsimeti na jawo akwati na ciro langar daga ƙasa, na goge ta da toka da soso. Baƙin bai fita ba, har yau bai fita ba. Maryamu ta zo ta tsuguna tana kallo. Na ba ta labarin Inna, da ƙullin ƙyalle, da kazata da ta mutu don tsufa. Ta sa na maimaita labarin kazar sau uku. Sannan na amsa mata tambayarta.

"Tana da iƙama. Gobe za ta fita."

Na je kasuwa na sayo kaji biyu maimakon ɗaya, da tumatir da albasa da attaruhu. Ranar da safe ana sanyin nan na Riyad mai shiga ƙashi. Na bar taga a buɗe na soya miya. Na jira sai bayan la'asar, lokacin da masu dako ke dawowa. Langa ɗaya ce, ƙofa uku, don haka sau uku za ta fita. Na zaɓi ƙofar gwauraye da farko don su ba su da mata, magana ba za ta yi nisa ba. Na zuba shinkafa, na ɗora cinya, na rufe, na ɗaure ƙyalle. Ga abin da Yusufu bai sani ba: a daidai nan zuciyata ta gaza. Na riƙo hannun Maryamu.

"Ki ce Mama ta ce ga sadaka. Shi ke nan. Kar ki ƙara komai."

Ta gyaɗa kai. Babanku ya kalli rufin ɗaki. Kuka fita, Maryamu riƙe da ƙulli, Yusufu riƙe da gefen rigarta, hularsa ta rufe masa ido ɗaya. Ni kuwa na tsaya a bayan ƙofa, takalmi a ƙafa, abaya a jiki, jakar takardunmu ɗaure a ƙuguna. Tun bayan gobara ban taɓa raba takardu da jaka ɗaya ba. Ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Maryamu ta yi sallama, Malam Habu ya fito yana ɗaure zariya.

"A'a, amarya ce yau a gidanmu? Me aka samu, 'yar gida?"

"Mama ta ce ga sadaka."

"Sadakar me? Wani ya rasu ne?"

"A'a. Kirsimeti ce. Tana da iƙama."

Da ƙarfi ta faɗa, yadda ake karatu a makaranta. Tsakar gidan ta yi tsit, har ɗigar famfo nake ji. Baraka tana bakin ƙofarta tana tsince wake, na ga hannunta ya tsaya. Malam Habu ya kalli yarinyar, ya kalli ƙofarmu, ya sosa ƙeya. Daga cikin ɗaki ɗaya daga cikin sauran biyun ya ɗaga murya.

"Tambaye ta wa ya yanka kazar."

"Daga baƙala take," in ji Maryamu. "A leda."

Baƙala kantin unguwa ne, can kowa ke sayen kaza. Malam Habu ya fashe da dariya har yana dafa bango.

"To halas! Kazar baƙala ai ta fi mu takarda. Kawo nan, Allah ya yi albarka."

Suka juye, suka wanke langar, ta dawo da lemu biyu da ruman ɗaya da ya fashe, irin wanda ake ba masu dako a kasuwa. Maryamu ta shigo da gudu ta baje su a kan gado. Ta ba Yusufu lemu ɗaya, ta ce ara ta yi masa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Magana ta riga ta fita, Baraka ta ji. Ina iya tsayawa nan. Ban tsaya ba, kuma wannan kaɗai ne abin da za ku iya yaba mini a ranar. Na zaɓi ƙirjin kaza, don shi Baraka ke so, na ɗaure ƙullin da hannuna.

"Ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa wa Malam Habu."

Ba a jima ba na ji tafiya. Baraka ce da kanta, langa a hannu, ƙullin yana nan yadda na ɗaure shi, yaran a bayanta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Matar da ke shigowa ɗakina ba sallama ta buɗe tukunyata, yau ba ta tsallaka dokin ƙofa ba. Ba fuskata ta kalla ba. Ƙafata ta kalla.

"Wacce ce ma, Laraba? Dama ko hagu?"

Na ja ƙafar baya, ta ci gaba.

"Shekara huɗu ina murza ta. Ina roƙa miki Allah ya ba ki lafiya ki ga Ka'aba da idonki. Wallahi da kin faɗa mini tun farko, da na yi miki jegon dai. Ruwan zafi bai san addini ba. Amma kin mai da ni shashasha."

"Tsoro ne, Baraka."

"Tsorona? Ni?"

Ta ajiye langar a ƙasa a hankali, ta juya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon ƙullin. Maryamu ta tsuguna ta kwance shi, ta ɗaga murfi, ta ga shinkafa da ƙirjin kaza.

"Ya dawo a cike. Nawa ne ke nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauko faranti ta juye, ta rufe da wani, ta tura ƙarƙashin gado inda Yusufu ba zai kai ba. Ta miƙo mini langar.

"Saura Hajiya."

"An gama. Ku zauna ku ci."

"Kin ce ba a ci sai kwano na ƙarshe ya fita. Ki yi sauri, Yusufu yana jin yunwa."

Na kalli babanku. Ya buɗe hannuwa.

"Dokar Inna ce, ba tawa ba. Ni ma cikina kuka yake."

Hajiya Indo na fi tsoro a gidan. Ita ce ke tsawata wa mata in gyale ya zame, ita ce ke tashin gwauraye sallar asuba da bugun ƙofa. In ta ce a tashe mu, mai gidan haya zai saurare ta. Na zuba shinkafar ban san me na zuba ba. Kuka fita. Aka shige da ku ciki, aka saki labule. Na tsaya. Shiru. Na gyara jakar ƙuguna. Shiru. Na ce wa babanku in ba su fito ba zan shiga in ɗauko su ko da me za a yi. Ya ce in ba tsohuwa lokaci, ba ta da haƙoran kirki. Sai na ji jan silifas ɗinta. Ta taho da Yusufu a kafaɗa, bakinsa duk maiƙo, Maryamu a gefe rungume da langa. Ba ta jira an ce ta shigo ba. Ta ture ni ta wuce, ta zauna a bakin gado tana haki, ta kalle ni daga takalmi har abaya.

"Ina za ki da yammar ga? Umra?"

Babanku ya juya baya yana tari.

"Ke Laraba. Nowel ce yau?"

Haka mutanen Nijar ke kiran ta.

"Ita ce, Hajiya."

"Shekara huɗu ina aiko miki naman layya. Shekara huɗu, duk sanyi, ina jin ƙamshin kaza ta ƙarƙashin ƙofar ga, ko ƙashi ban gani ba. Na ce matar ga ko rowa ko tsoro. Na fi zaton rowa."

"Kin sani, Hajiya?"

"Ɗingishinki yau dama, gobe hagu. Tsohuwa ce ni, ba makauniya ba. A Maraɗi bango guda muka haɗa da masu Nowel shekara ashirin, ɗiyansu a bayana suka girma. Naki naki ne, nawa nawa ne, Allah ke rabawa ba ni ba. Amma ki dafa kaza ki rufe taga, wannan rashin kunya ne."

Na durƙusa a gabanta. Ta zungure ni da carbi.

"Tashi, ba mutuwa aka yi ba. Gishirinki ya yi yawa. Baɗi ki rage."

Baɗi. Kalmar nan ita na riƙe. Tun da aka ƙone gidanmu ban taɓa ɗaukar baɗi a matsayin abin da zai zo ba. Tsohuwar nan ta faɗe ta kamar tana cewa a miƙo mata buta.

Maryamu ta buɗe langa. Dabino ne cike, a samansa ɗan ƙullin tsumma. Ta kwance, sai ga 'yan kunne na azurfa, ƙanana, tsofaffi. Daga baya na ji na 'yar Hajiya ne da ta rasu tana ƙarama. Na ga abin ya yi yawa. Na miƙa hannu zan ɗauka in mayar mata. Maryamu ta dunƙule hannunta ta kai bayanta.

"Mama, ke kika kai kwanon?"

Muryar Inna ce sak, a bakin yarinyar da ba ta san ta ba. Hajiya ba ta san labarin ba amma ta yi dariya har da hawaye, ta ce ɗiyar ga ta fi uwarta hankali. Ni na shiga ɗaya ɗakin na kwance jakar ƙuguna, na cire takalmi. Sannan muka ci. Shinkafar ta huce, gishirin kuwa da gaske ya yi yawa.

Ba zan ɓoye muku abin da ya ci mini ba. Baraka ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Tana gaishe ni a famfo, ina amsawa, iyakarta ke nan. Na je ƙofarta sau biyu neman gafara, ta ce ba komai, kuma kowa ya san irin wannan ba komai ɗin. Wasu mata a layin suka daina turo yaransu wasa. Bayan shekara biyu aikin mijinta ya ƙare suka koma Damagaram, da safe na tashi na ga kwaɗo a ƙofar. Ba ta yi mini sallama ba. Ban ga laifinta ba, ku ma kada ku gani. Ba Kirsimeti ce ta raba mu ba, ɗingishi ne. Ban ƙara samun ƙawa kamarta ba, kuma ni na jawo.

Amma langar ta ci gaba da fita, shekara goma sha ɗaya, har muka baro ƙasar. Gwauraye suka canza, sababbin su tarar da al'adar su bi. Malam Habu ya riƙa ajiye muku ruman mai kyau, ba fasasshe ba. Hajiya Indo ba ta taɓa ce mini barka da Kirsimeti ba, ni ma ban nema ba. In sanyi ya shigo sai ta leƙo ta ce, "Nowel ɗin taku saura kwana nawa? Haƙorina guda ya rage, a dafa kazar ta yi laushi." In kun kai mata sai ta dafa kanku ta ce Allah ya raya. A Riyad ta rasu, can aka binne ta. Kwana uku ina dafa wa masu zaman makoki, a langar nan nake aikawa. Na gode wa Allah da ya sa ni gida ɗaya da ita. Na gode wa Maman Sadiya, da na yi shekara shida ban ƙirga ta ba. Na gode wa babanku, Allah ya ba shi hutawa, da bai tura ni ba.

Yusufu, ka gyara labarinka. In za ka ba yara, ka ce kakarsu tana bayan ƙofa da takalmi a ƙafa, ta shirya gudu. Wadda ta tsaya a tsakar gida ta faɗi sunan ranar 'yar shekara shida ce cikin riga ruwan goro.

Maryamu, ke da kika koma can aikin asibiti, kin ce yanzu ana sayar da itacen ado da fitilu a manyan kantuna, ba mai ɓoyewa. Saya in kina so, ba ruwana. Itace ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Tabita 'yarki ta cika shekara uku, ta isa zura hannu a ƙulli. Na ba mai tafiya langar ya kawo miki. Kada ki goge baƙin, ba ya fita. Kada ki koya mata ta ce sadaka. In ta dawo a cike, ki bar ta ta juye ki sake zubawa, akwai wata ƙofar. Abin da ta samo kada ki taɓa, ko da ɗan tsako ne kuma kina hawa na biyar. Ki ɗaure ƙullin da kyau, murfin ba ya zama daidai tun gobarar. Kuma ki rage gishiri.